Ranar Da Don Telo Ya Danna Duka

Ranar da ma'aikatan kamfanin lantarki suka zo layinmu a San Pedro, suka ciccire tsofaffin mitoci suka kakkafa sababbi a saman falwaya, kowa ya ɗaga kai ya duba sau ɗaya ya koma harkarsa. Kowa ban da Eleuterio Pichardo, wanda muke kira Don Telo. Shi kujerar roba ya jawo ya dasa a gindin falwayar, ya harɗe ƙafa, ya shiga ba mutanen da ke sama umarni.

"Hagu kaɗan, ɗana. Hagunka nake nufi, ba hagun falwaya ba."

Don Telo ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana sallamar motoci a tashar bas. Usur a wuya, hula a ka, in ya ɗaga hannu mota ta tsaya, in ya sauke ta wuce. Tun da ya yi ritaya bai sake samun abin da zai tsayar ko ya sallama ba sai matarsa Nereida, ita kuwa ba ta tsayawa in an ce tsaya, ba ta tafiya in an ce tafi. Usur ɗin dai bai rabu da shi ba.

Da masu aikin suka sauko, ɗayansu ya karɓi wayar Don Telo ya saka masa manhajar kamfani, ya nuna masa wani jan layi da ke hawa yana sauka.

"Wannan ita ce wutar da gidanka ke sha, Don, yanzu-yanzu. Ko kana ina za ka gani."

"Na sani," in ji Don Telo, wanda bai taɓa ganin irinsa ba. "Dama abin da nake ta gaya wa kamfaninku su yi ke nan."

Kafin la'asar ya isa teburin wasan domino da ke ƙofar kantin Bienvenido, ya ajiye wayar a tsakiyar tebur kamar wanda ya ajiye bindiga.

"Kompadre," ya ce wa amininsa Bienvenido, "daga nan inda nake zaune, ko ƙuda bai isa ya sha wuta a gidana ban sani ba."

"To ɗauke ta daga kan ƙwayoyin mu yi wasa."

Ana cikin wasa jan layin ya yi tsalle. Don Telo ya buga tebur har ƙwayoyi suka watse.

"Kun gani? Nereida ta jona dutsen guga. Da tsakar rana! Bari ku ji."

Ya kira ta, ya buɗe muryar wayar don kowa ya amfana.

"Nereida, kashe dutsen gugan nan."

"Wane dutsen guga?"

"Wanda ke hannunki."

"Abin da ke hannuna kan kifi ne, Telo. Ina kasuwa. Kana so da kwakwa ko soyayye?"

Bayan muryarta ana jin mai ayaba yana tallan ayabarsa. Don Telo ya kashe wayar a hankali, ya gyara zaman hularsa.

"Firji ne," ya ce. "Na daɗe ina zarginsa."

Da abin ya tsaya nan, da layinmu ya zauna lafiya. Sai dai 'yarsa Yocasta da ke Nueva York ta aiko da duro irin wanda take aikowa ƙarshen shekara, cike da shinkafa da mai da takalma, a ƙasansa kuma akwai kwali guda na wasu ƙananan fararen soket. Ka soka su a bango, ka jona kayan wutarka a jikinsu, sai ka riƙa kunnawa kana kashewa daga wayarka. Yarinyar tausayin gwiwoyin ubanta ta ji, kada ya riƙa tashi daga gado don ya kashe fanka. Ta ce ta same su da araha, shi ya sa ta kwaso kwalin gaba ɗaya. Allah ya yi mata albarka, ba ta san abin da ta yi ba.

Don Telo ya kwana biyu yana rarrafe a bayan kujeru da kabad. Kowane soket sai an raɗa masa suna a cikin waya, shi kuwa sai ya raɗa musu sunayen garuruwan da motocinsa ke zuwa. Fanka ta zama Higüey. Talabijin ya zama La Romana. Injin wanki ya zama Hato Mayor.

"Me zai hana ka kira fanka fanka?" in ji Nereida.

"In aka sace wayar fa? Ɓarawo ya san sirrin gidana?"

"Sirrin gidanka shi ne muna da fanka?"

"Matar nan, kan da ya riƙe tasha guda ba tare da ya taɓa haɗa mota biyu a ƙofa ɗaya ba, shi ne zai kasa riƙe fanka?"

Nereida ta san ya taɓa haɗa mota uku a ƙofa ɗaya, har aka kira 'yan sanda. Ta ci gaba da feraye rogo.

Washegari ya zauna a teburin domino, ya tara jama'a, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gan shi, ya sauke shi a kan La Romana. Jan layin ya sauko. Aka zuba ido ana jira. Ba a daɗe ba sai ga Nereida ta ɓullo daga kwana, da ludayi a hannu, tana tafiya ba sauri ba gudu.

"Telo, wa ya kashe mini talabijin a daidai lokacin da yarinyar nan za ta faɗi waye uban cikin?"

"Ba ni ba ne. Tsari ne."

"Wata nawa ina bin wasan nan."

"Tsari bai san wasa ba, Nereida. Da rana wuta ta fi tsada."

"Wa ya gaya maka?"

"Kowa ya sani."

"To ka gaya wa tsari abincin ranarsa yana cikin tukunya. Ɗanye ne. Ya danna ya dahu."

Ranar Don Telo burodi da naman salami ya ci a kantin Bienvenido, a tsaye, yana bayanin cewa cin abinci mai nauyi da rana shi ke kashe mazan ƙasar nan. Amma abin mamaki, daga ranar Nereida ba ta sake fitowa da ludayi ba. Ya kashe Higüey, shiru. Ya kashe Hato Mayor, shiru. In ya dawo gida ya tambaye ta ko ta ga aiki, sai ta ce ta gani. Don Telo ya sanar da teburin domino cewa mace haƙuri take so da hujja, shi kuma yana da duka biyun.

Nasarar nan ce ta buɗe masa ido. Zaɓen shugaban ƙungiyar maƙwabta ya matso, kuma kujerar tana hannun Doña Fefa mai shagon gyaran gashi tun lokacin da ba wanda ya tuna. Ba wanda ya taɓa tsayawa takara da ita, domin duk matan layin ta ƙarƙashin hannunta suke wucewa ranar Asabar, kuma babu mai son yin gardama da matar da ke riƙe da almakashi a bayan kan matarsa. Don Telo ya ce zamanin almakashi ya wuce. Shi zai mayar da layinmu layi na zamani: duk kayan wutar unguwa a waya ɗaya, wayar kuma a aljihu ɗaya.

Ya ɗauki sauran soket ɗin a jaka ya shiga gida-gida. Ya saka ɗaya a firizar Bienvenido ta lemo da giya. Ya saka ɗaya a injin da ke tura ruwa zuwa babban tankin da ke kan rufin kantin, wanda duk layin ke ɗiba. Ya saka a injin askin Cheo wanzami. Ya saka a lasifikar cocin Pasto Aníbal, kuma wannan kam duk layin ya goyi baya, har da wasu 'yan cocin. Daga ƙarshe ya tsaya a ƙofar Doña Fefa.

"Maƙwabciya, na zo in rage miki wahala."

"Ka zo ka ƙwace mini kujera, sannan ka rage mini wahala?"

"Siyasa daban, ci gaba daban."

"Nawa ne?"

"Kyauta."

A layinmu ba a mayar da kyauta, ko daga abokin hamayya ta fito. Doña Fefa ta matsa gefe, ya durƙusa ya jona mata hulunan busar da gashi duka a jere.

Matsalar da aka samu ƙarama ce: garuruwan sun ƙare kafin soket ɗin su ƙare. Don Telo bai damu ba. Aka samu Higüey ta Biyu, aka samu Higüey ta Asali, aka samu Romana ta Sama da Romana ta Ƙasa, da wata Romana da bai ƙara mata komai ba saboda ya ce ita ba ta ɓata.

Da farko ba wanda ya gane. A garinmu ɗauke wuta ba labari ba ne. In abu ya mutu, sai mutum ya leƙo ta taga ya zagi kamfani, ya koma ciki. Kamfanin ya sha zagi a makonnin nan fiye da rabonsa, kuma bai taɓa musu ba.

Asirin ya fara tonuwa ne wata Juma'a. Profesor Lantigua, shugaban makarantar firamare, yana kan kujerar Cheo ana masa aski, zai je ɗaurin auren 'yar ƙanwarsa, shi ne kuma zai riƙe hannun amarya. Cheo ya share gefen dama tas, ya taho tsakiya, sai injin ya yi shiru. A daidai lokacin Don Telo yana nuna wa wani baƙo yadda ake kashe fanka daga nesa.

Cheo ya leƙo zai zagi kamfani, sai ya ji rediyon kantin Bienvenido na ta kiɗa. Ya dubi rediyo, ya dubi Don Telo, ya dubi yatsan Don Telo. Ya tsallako titi, Profesor na biye da shi da farin ƙyalle a wuya, rabin kansa na walƙiya, rabi kuwa kamar gonar da aka manta.

"Don Telo, injina ya mutu."

"Bai mutu ba. Hutawa yake."

"Wa ya ce ya gaji?"

"Gwaji ne, Cheo. Kowane tsari sai da gwaji."

Profesor ya yi gyaran murya. Mutum ne mai magana a hankali, kamar kullum yana gaban allo.

"Don Eleuterio, wannan rabin da ya rage a kaina, shi ma cikin gwajin yake, ko zan iya karɓarsa yau?"

"Yanzu kuwa, Profe."

Ya danna Higüey ta Asali. Injin bai tashi ba. Ya danna Higüey ta Biyu. Bai tashi ba. Ya danna Romanar da ba ta ɓata. Can cikin kanti wani ƙugi da aka saba ji ya ɗauke, amma ba wanda ya kula, domin hankalin kowa na kan Profesor. Daga ƙarshe Cheo ya koma ya zare soket ɗin da hannunsa, ya jona injin a bango, ya gama askin. Da Profesor ya tafi, Don Telo ya lallaɓa ya mayar da soket ɗin, ya ce tsari ba ya son giɓi.

Washegari da rana mazan layin suka dawo daga aiki, suka buɗe firizar Bienvenido, suka sami giya da ɗumi kamar ruwan wankan jariri.

"Kompadre," in ji Bienvenido, yana riƙe da kwalba ta wuya kamar ya kama kaza, "taɓa nan."

Don Telo ya taɓa. "Daidai."

"Daidai?"

"Sanyi ke kashe maƙogwaro. Tambayi kowane likita. Mutanen nan za su gode mini in sun tsufa."

"Ba za ka ga tsufansu ba in suka ji kai ne."

"Romana ce ta ɗan yi gardama. Ranar zaɓe za ka ga abin da idonka bai taɓa gani ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Aka sa zaɓen ranar Asabar ta gaba da la'asar, ƙarƙashin mangwaron da ke ƙofar kanti. Aka jera kujerun roba. A jikin bangon kantin aka ɗora babbar tukunyar miyar sankoco a kan itace tun hantsi, da nama da rogo da ayaba da masara, ƙamshi ya cika layin har karnukan wata unguwa suka zo kallon siyasa. Don Telo ya ɗaura igiyar ƙwayayen fitila masu launi daga mangwaro zuwa falwaya, ya jona su a soket na ƙarshe. Shirinsa shi ne ya yi jawabi, ya ɗaga yatsa, fitilu su kama, jama'a su ɗaga hannu.

Ya fito cikin farar riga mai aljihu huɗu, an goge ta har tana iya tsayawa ita kaɗai, usur a wuya. Doña Fefa ba ta iso ba tukuna, tana shago tana ƙarasa kan masu zaɓenta. Nereida ma ba ta nan, tana coci tare da matar Pasto suna feraye ayabar da za a soya. Don Telo ya ce ba sai an jira ba, ci gaba ba ya jiran kowa. Ya hau akwatin lemo, ya busa usur.

"Maƙwabta! Shekara da shekaru wuta ke mulkinmu. Ta zo lokacin da ta so, ta tafi ba sallama. Daga yau, mu ne za mu mulke ta. In na ce mu, ina nufin ni, a madadinku."

Wani daga baya ya ce a yi sauri, miya na ƙonewa.

"Ku dubi ƙwayayen can."

Kowa ya duba. Don Telo ya ɗaga yatsa, ya juya shi a iska, ya sauke.

Ƙwayayen ba su ce komai ba. Amma daga shagon Doña Fefa wani ihu ya tashi, irin wanda ake ji in ɓera ya shiga coci. Ƙofa ta buɗe, Doña Fefa ta fito da mataji a hannu, bayanta jerin mata, kowacce kanta cike da robobin naɗe gashi, tawul a kafaɗa, ruwa na ɗiga.

"Telo! Kan Doña Chela rabi ya bushe rabi bai bushe ba. Ka san abin da gashi ke yi in an bar shi haka?"

"Maƙwabciya, ki zauna, ana taro."

"Zan zauna a kanka! Mayar mini da wuta!"

"Ƙaramin abu ne."

Ya danna wata Romana. Can bayan kanti injin ruwa ya yi tari ya kama aiki. Tankin kuwa tun safe yake cike. Aka ji wani gurgur a sama, mutane suka ɗaga kai, sai ruwa ya kwararo ta bakin rufi kamar an buɗe kogi. Sahun gaba, inda dattawa ke zaune, shi ya fara samu. Profesor Lantigua bai motsa ba, ya dai cire tabarau ya saka a aljihu. Sauran ruwan ya bi bango ya sauka kai tsaye cikin tukunya. Wutar itacen ta yi tsaki ta mutu. Sankocon ya ƙaru sosai, amma ba ta hanyar da ake so ba.

"Kashe injin!" Bienvenido ya daka tsawa.

"Wanne ne injin?"

"Ni kake tambaya?"

"Romana ta Sama ce ko ta Ƙasa?"

"Ruwan dai daga sama yake zuwa, kompadre!"

Don Telo ya ga hujjar ta yi ma'ana. Ya danna Romana ta Sama.

Lasifikar coci ta yi ƙara, ta yi kuka, sannan ta washe. Pasto Aníbal, wanda ke tsaye cikin jama'a yana matse rigarsa, ya tuna ya bar makirfo a kan teburin da matan ke aiki. Ya buɗe baki, amma ya makara. Muryar Nereida ta cika layin, a natse, tare da ƙarar wuƙa a kan ayaba.

"…ai ni tun ranar talabijin na zare su duka, Dolores. Na soka su a jikin juna kamar rake, na kai ɗakin kaji, na ɗaura musu ƙwan fitila guda ɗaya. Can yake mulkinsa."

"Bai gane ba?" Muryar matar Pasto ke nan.

"Ina zai gane? In ya dawo ya ce, kin ga na kashe fanka da rana? Sai in ce na gani, janar, har gumi na yi. Ya ci abincinsa ya kwanta."

"Kajin fa?"

"Kajin sun saba. Zakaran ne dai ya zauce. Gari ya waye masa, gari ya yi duhu, gari ya waye, duk kafin a sauke shinkafa. Jiya na same shi ya juya wa fitilar baya yana kallon bango."

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Ruwa na zuba, mata na ɗiga, kowa ya juyo yana kallon mutumin da ke kan akwatin lemo.

"Wannan ba muryar matata ba ce," in ji Don Telo. "Lasifika na canza murya."

"Wai shugaba zai zama," lasifikar ta ci gaba. "Telo. Mutumin da har yau bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba."

"Amma za ki zaɓe shi?"

"Mijina ne, Dolores. Zan ɗaga hannu. Ba dai sosai ba."

Nan ne Cheo ya zame daga kujerarsa ya zauna a ƙasa cikin ruwa, yana riƙe da ciki. Daga shi abin ya bazu.

Don Telo ya busa usur. Ba wanda ya tsaya. Ya sake busawa, ruwa ya fito ta cikinsa. Ya dubi wayar, tabaransa ya jiƙe, garuruwan duk sun narke sun zama gari ɗaya. Sai ya tuna can ƙasa akwai wani babban maɓalli da bai taɓa taɓawa ba, wanda ke ɗaukar komai gaba ɗaya. Ya danna. Komai ya mutu: injin ruwa, lasifika, firiza. Shirun ya ba shi tsoro, ya sake dannawa. Komai ya tashi. Doña Fefa ta ce kashe, Bienvenido ya ce kunna, Pasto ya ce a dai kashe tasa. Don Telo mutum ne mai sauraron jama'a, ya bi kowa. Kashe, kunna, kashe, kunna. Hulunan shago suka yi gurnani tare, firiza ta yi nishi, injin ruwa ya yi tari, injin Cheo ya kama rawa shi kaɗai a kan tebur har ya faɗo.

A karo na ƙarshe kuwa, ƙwayayen fitilar suka kama. Ja, kore, ruwan ɗorawa, daga mangwaro har falwaya. Gaskiya sun yi kyau.

"Kun gani!" in ji Don Telo, hannu a sama.

Taransifomar layinmu tsohuwa ce, ta girmi yawancin waɗanda ke wurin, kuma ta jure abubuwa da yawa. Ta yi wani ƙara kamar an fasa tayar tirela, ta tofar da tartsatsi, ta saki baƙin hayaƙi siriri. Tsuntsayen mangwaro suka tashi gaba ɗaya, karnukan baƙi suka koma unguwarsu. Daga wannan kwana zuwa waccan, babu abin da ke motsi sai ɗigar ruwa daga rufi.

Cikin shirun nan wayar Don Telo ta yi ƙara. Saƙo ne daga manhajar mita. Ya goge tabarau da gefen riga, ya karanta a zuci, fuskarsa ta saki. Ya ɗaga murya.

"Maƙwabta, ku saurara. Daga kamfani ne. Muna taya ka murna, shan wutar gidanka ya sauka ƙasa fiye da kowane lokaci. Ci gaba da ƙoƙari." Ya juya wayar ga jama'a. "Ga sakamako. Kuma ba gidana kaɗai ba, duk layin."

A lokacin ne Nereida ta iso da kwanon ayaba a ka. Ta dubi hayaƙi, ta dubi tukunya, ta dubi matan da ke ɗiga.

"Me na rasa?" ta ce.

"Ba ki rasa komai ba, maƙwabciya," in ji Bienvenido. "Ke ce ma babbar mai jawabi."

Doña Fefa ba ta ɓata lokaci ba. Ta buga mataji a kan tebur ta ce a yi zaɓe tun da sauran hasken rana, tunda wani hasken ba ya nan kusa. Masu son Fefa su ɗaga hannu. Hannaye suka tashi kamar gonar rake. Masu son Don Telo. Hannunsa ya tashi. Na Nereida ya taso zuwa daidai kunnenta, ta ɗan sosa kunnen, ta sauke. Profesor, wanda ke ƙirga, ya tambaya ko wannan ƙuri'a ce ko ƙaiƙayi. Ta ce ya rubuta yadda ya gani.

"Saura abu ɗaya," in ji Doña Fefa. "Layin nan na buƙatar wakili a ofishin kamfanin lantarki. Mutumin da zai je kowace safiya, ya bi layi, ya yi musu bayanin abin da ya sami taransifomarsu, kuma kada ya daina zuwa sai an kawo sabuwa. Aiki ne na wanda ya san tsari. Ina ba da sunan Don Eleuterio Pichardo."

Ba a taɓa ganin hannaye sun tashi da sauri haka a layinmu ba. Cheo biyu ya ɗaga. Pasto ya ce amin.

Don Telo ya dube su ɗaya bayan ɗaya daga kan akwatinsa, ya gyara jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya dafa ƙirji.

"Tunda jama'a sun nace," ya ce, "ba zan ƙi ba."

Aka ci sankocon a haka, da cokali, wasu da kofi.

Ranar Litinin da sassafe ya isa ofishin kamfanin, rigar ta bushe an goge ta da dutsen guga na gawayi. Ɗakin jira cike yake, ga sanyin na'ura har yana shiga ƙashi. Ya karɓi lambarsa ya zauna kusa da wata dattijuwa mai jaka a cinya.

"Kai ma mitarka ce ta lalace, Don?" ta tambaye shi.

"A'a, Doña. Ni wakili ne. Unguwa guda ta turo ni. Ba hamayya."

"Ikon Allah. To ai kai babba ne."

"Suna dai faɗa."

Dattijuwar ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa. "Sanyin nan zai kashe ni kafin a kira lambata."

Don Telo ya ɗaga kai ya dubi na'urar sanyin. Ya dubi allon da ke nuna lambobin masu jira, da injinan da ma'aikata ke aiki da su a bayan gilashi. Sannan ya dubi teburin mai gadi, wanda ya fita shan kofi. A bangon bayan teburin akwai wani akwatin wuta mai launin toka, murfinsa a buɗe, maɓallai jere a ciki, ko ɗaya ba a rubuta masa suna ba.

Ya miƙe, ya gyara hula.

"Riƙe mini lambata, Doña," ya ce. "Ƙaramin abu ne."